Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Maƙeran Salansa da Gasar Tseren Babura ta Duniya

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikatan gwamnati a Shahuci, cikin birnin Kano)

Gabatarwa



Mun tabbata da yawa daga cikinku, sa'ad da suka ji kan maganar da za mu yi yau, sun yi murmushi, sun ce a ransu, "Ashe an rasa abin da za a tara mutane a kansa sai salansar babur?" Ba mu ga laifinsu ba. A nan Shahuci, inda marigayi Malam Aminu Kano da marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule suka yi karatun elementare, an fi sabawa da jin lacca a kan siyasa, ko shari'a, ko harshe. Salansa kuwa wani baƙin bututu ne da ke can ƙasan babur, ba mai tunawa da ita sai ran da ta huje ta dami jama'a da ƙara, ko ta ƙone wa wani ƙafar wando.

Duk da haka muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku. A wasu ƙasashe, wannan bututu da muka raina ya ɗauki masu ƙananan garejoji ya kai su inda manyan kamfanonin duniya suke neman ƙulla yarjejeniya da su. Hanyar da suka bi kuwa ɗaya ce: sun haɗa kai da ƙungiyoyin tseren babura, sun yarda a gwada aikinsu a bainar jama'a, a auna shi da agogo. Za mu kawo labarin uku daga cikinsu, sa'an nan mu dawo gida mu tambayi kanmu abin da ya hana mai waldar unguwarmu irin wannan rabo, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu, mu da muka shiga aji.

Aikin Salansa a Jikin Inji

Galibinmu mun ɗauka aikin salansa bai wuce kashe ƙarar inji da kai hayaƙi baya ba. Wannan rabin aikinta ne. Inji numfashi yake yi kamar ɗan Adam. A inji mai bugu huɗu, fistan yakan sauka ya zuƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya kunna musu wuta su fashe su tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Gwargwadon yadda hayaƙin ya fita sarai, gwargwadon yadda sabon mai zai sami wurin shiga ke nan. Ƙarfin inji kuwa daga yawan abin da ya ƙona yake zuwa.

To, a duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, wani bugun iska mai ƙarfi yakan faɗa cikin bututun, yana gudun da ya kai mita 500 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda zafin hayaƙin. Idan ya isa inda bututun ya ƙare, ko inda ya buɗe, sai wani ɓangarensa ya juyo baya, kamar yadda amsa-kuwwa take dawo wa wanda ya yi kira a bakin rijiya. Sai dai wannan da ya juyo, zuƙa yake yi, ba turi ba. In ya iso bakin silinda daidai lokacin da bawul yake gab da rufewa, sai ya janye ragowar hayaƙin, ya kuma taimaka wajen jawo sabon mai. In ya makara, ko ya yi sauri, to ya zama aikin banza, wani lokaci ma ya zama cikas.

Ga ɗan lissafi domin 'yan'uwanmu na fannin kimiyya. A bututu mai tsawon mita 1, zuwa da dawowa mita 2 ke nan, watau kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa. Injin da yake juyawa sau 6,000 a minti, a ɗan wannan lokaci bai kai ga yin rabin juyi ba. Wanda yake juyawa sau 12,000 kuwa, ya kusa cika juyi guda. Saboda haka kowane inji da tsawon bututun da ya dace da shi, kuma mai saurin juyi ya fi son gajere. Maƙerin kakakin fada ya san wannan magana ta wata fuska, domin ya san tsawon kakaki da buɗin bakinsa su suke yanke irin muryar da zai fitar. Maƙerin salansar tsere ma kiɗa yake saitawa, sai dai shi inji ne mai sauraronsa.

Walter Kaaden: Ilmin da Aka Tsallaka Iyaka da Shi

Mutumin da ya fara nuna wa duniyar tsere iyakar abin da bututu zai iya yi shi ne Walter Kaaden, injiniyan kamfanin babura na MZ da ke garin Zschopau a tsohuwar Jamus ta Gabas. Kamfanin ba shi da kuɗin da zai kara da na Italiya ko na Japan. Abin da yake da shi kawai shi ne inji mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda a lokacin ake ganinsa abin hawan talaka. Kaaden ya dinga yanka faifan ƙarfe, yana naɗewa, yana gwadawa, yana rubuta sakamako, har ya daidaita salansa mai ciki kamar tulu, wadda gabanta yake buɗewa ya zuƙo hayaƙi, bayanta kuma yake tsukewa ya mayar da man da ya tsere cikin silinda. A shekarar 1961 injinsa mai girman sisi 125 ya ba da ƙarfin doki 25, watau daidai da doki 200 ga kowace lita.

A wannan shekara matuƙinsa, Ernst Degner, yana gab da cin gasar duniya. Amma a watan Satumba, bayan tseren ƙasar Suwidin, sai ya gudu zuwa Jamus ta Yamma, daga can ya kama aiki da kamfanin Suzuki na Japan, ya tafi da abin da ya koya. MZ ta rasa gasar. A 1962 Degner ya ci wa Suzuki gasar duniya ta ajin sisi 50, wadda ita ce ta farko a tarihin kamfanin. Daga nan Suzuki ya zama gwani a inji mai bugu biyu. Baburan Jincheng samfurin AX100, waɗanda 'yan acaɓa suka cika titunan Kano da su kafin gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, a kan zanen Suzuki aka ƙera su.

Abu biyu muke so ku riƙe daga wannan labari. Na farko, ilmin lanƙwasa bututu ya kai darajar da za a tsallaka iyakar ƙasa da shi a ɓoye. Na biyu, mai ilmin da ba shi da kariya, wani ne zai ci amfanin guminsa. Za mu dawo kan wannan magana ta biyu.

Hideo Yoshimura da Kamfanin Suzuki

Na biyu shi ne Hideo Yoshimura, mutumin Japan, wanda aka haifa a 1922, ya rasu a 1995. Aikin injin jiragen sama ya koya a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1954 ya buɗe ɗan garejinsa a yankin Fukuoka, yana gyara wa sojojin Amurka da ke zaune a can baburansu, yana ƙara musu gudu. Su ne suka laƙaba masa suna Pops, watau Baba. An san shi da goge kamshaf da hannu, da magagari, har sai ya sami siffar da yake so.

Da baburan Japan masu silinda huɗu suka fito, kowace silinda da tata salansar, sai Yoshimura ya haɗe bututun huɗu suka zuba cikin guda, a farkon shekarun 1970. Nauyi ya ragu, kuma bugun hayaƙin kowace silinda ya riƙa taimaka wa 'yar'uwarta wajen zuƙa. Ya koma Amurka da sana'arsa, a tsakiyar shekarun nan kuma ya ƙulla zumunci da Suzuki, wanda a lokacin yake sabon shiga a fagen manyan injuna masu bugu huɗu. Kamfanin yana da masana'anta da injiniyoyi, Baba kuwa yana da kunne da hannu da sanin filin tsere. Kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ba shi da shi.

A 1978 aka fara tseren awa 8 na Suzuka a Japan. Kamfanin Honda ya zo da baburan da suka gagari kowa a tseren dogon zango na Turai, ga shi kuma filin ma nasa ne. Amma da yamma ta yi, babur ɗin Suzuki GS1000 na garejin Yoshimura, wanda Wes Cooley da Mike Baldwin suka tuƙa, shi ya zo na ɗaya. Cooley ya ci gasar manyan babura ta Amurka a 1979 da 1980, ya kuma sake cin Suzuka a 1980 tare da Graeme Crosby. Zumuncin bai mutu da mutuwar Baba ba, domin a 2021 ƙungiyar da take ɗauke da sunan Yoshimura da na Suzuki ita ta ci gasar duniya ta tseren dogon zango.

Akrapovič da Manyan Ƙungiyoyin MotoGP

Na uku ya fi kusa da zamaninmu. Igor Akrapovič ɗan tseren babur ne a ƙasar Sulobeniya, wadda ta sami 'yancin kanta a 1991, kuma yawan mutanenta bai wuce miliyan 2 da 'yan kai ba, watau bai kai na birnin Kano da kewayensa ba. Ya ga salansar da ake sayarwa a kasuwa ba ta gamsar da shi, mai kyau kuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, sai ya fara ƙera tasa. A farkon shekarun 1990 ya kafa ɗan kamfani da ma'aikata ƙalilan. A 1997 Akira Yanagawa ya ci tsere a gasar manyan babura ta duniya a kan Kawasaki mai salansarsa. A shekarar 2000 Colin Edwards ya ci gasar baki ɗaya a kan Honda, ita ma da salansarsa.

Gasar da ta fi kowace daraja ita ce wadda aka fara a 1949, aka sa wa babban ajinta suna MotoGP a 2002. Dokar da ta fara aiki a 2012 ta ƙayyade inji kada ya wuce sisi 1,000 da silinda huɗu. Irin wannan inji yakan juya wajen sau 18,000 a minti, watau sau 300 a daƙiƙa ɗaya. A 2023, a filin Mugello na Italiya, an auna Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, yana gudun kilomita 366 a awa. A wannan fage, abin da yake raba na ɗaya da na biyar sau da yawa bai kai daƙiƙa ɗaya a kowane zagaye ba.

A nan ne Akrapovič ya haɗa kai da ƙungiyar kamfanin Yamaha, Jorge Lorenzo ya ci gasar a 2012 da 2015. Ducati ma ta koma wurinsa a 2014. Ku duba wannan jeri: Joan Mir a kan Suzuki a 2020, Fabio Quartararo a kan Yamaha a 2021, Francesco Bagnaia a kan Ducati a 2022 da 2023. Kamfanoni uku masu gaba da juna, biyu na Japan ɗaya na Italiya, amma maƙerin salansarsu ɗaya ne, yana zaune a wani ƙaramin gari mai suna Ivančna Gorica. Ma'aikatansa sun haura 1,000, yana kuma da matattarar narka ƙarfen titaniyam ta kansa.

To, mene ne kowane ɓangare yake samu a wannan haɗin gwiwa? Ƙungiyar tsere tana samun salansar da aka yi wa injinta shi kaɗai. Injiniyoyinta sukan ba maƙerin sirrin injin, ya zana, ya ƙera, a ɗora a kan na'urar auna ƙarfin inji, a kai fili matuƙi ya gwada, a dawo a gyara, har sai an dace. Tana samun sauƙin nauyi, domin titaniyam bai fi kashi 60 cikin 100 na nauyin ƙarfe ba, ga shi da jure zafi, ko da yake waldarsa sai an lulluɓe shi da iskar agon don kada iskar sarari ta lalata shi. Tana kuma samun salansar da ba ta karya dokar ƙara ba, gama ko a wannan gasa akwai iyakar da aka yanka.

Shi kuwa maƙeri yana samun abu biyu da kuɗi ba sa saya. Na farko ɗakin gwaji ne wanda babu irinsa, inda aikin da zai shekara kafin aibinsa ya fito a titi zai tonu cikin minti 40. Na biyu suna ne. Tambarinsa yana jikin babur, miliyoyin mutane suna gani a talabijin, kuma mai ƙaramin babur a wata ƙasa zai biya kuɗi mai yawa don ya sami salansa mai wannan tambari. Shi ya sa ma jabunta suka yi yawa a kasuwannin duniya. Ba a yin jabun abin da ba shi da daraja.

Mu Dawo Gida

'Yan'uwa, kada wani ya ce wannan dabara baƙuwa ce a gare mu. Tarihin baka ya nuna cewa sunan wannan birni ma na wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala, masu binciken tarihi kuma sun sami shaidar narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7. Kasuwar Kurmi, wadda take nan kusa da mu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta shahara da kayan doki. Maƙeran baƙi da maƙeran fari suna ƙera linzami da likkafa, dukawa suna ɗinka ragama da majanyi. Ina ake gwada aikinsu? A sukuwa, da ranar hawan salla. Idan mahayi ya sako doki a guje zai yi jahi a gaban Sarki, ya ja linzami doki ya tsaya cak, kowa ya ga aikin maƙeri. In kuwa linzamin ya karye, kafin magariba gari ya san daga maƙerar da ya fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ashe kakanninmu sun san haɗin maƙeri da mahayi tun kafin a ƙirƙiro babur.

Da dokin ƙarfe ya zo, sai wannan igiya ta tsinke. Bayan rahoton Udoji na 1974, da ariyas ɗin da aka biya ma'aikata a 1975, akawuna da malaman makaranta suka saye Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. Bayansu Jincheng ya zo daga Sin, Boxer da adaidaita sahu suka zo daga Indiya. Shekara 50 ke nan muna hawa, amma matsayin mai sana'armu bai wuce na mai gyaran kayan wani ba.

Kwanan baya mun tsaya wurin wani dattijo mai walda a cikin gari, muka tarar yana yi wa wani ɗan adaidaita sabuwar salansa daga faifan ƙarfen da ya sayo a Ƙofar Ruwa. Aikin ya yi kyau, ɗinkin waldar sumul. Muka ce, "Baba, yaya kake sanin tsawon da za ka yanka?" Ya ce, "Malam, da ido mana, da kuma kunne. Shekarata 30 ina wannan aiki." Muka ce, "To tsakanin wannan da ta kamfani, wace ta fi sauƙin shan mai?" Ya yi dariya ya ce, "Wa zai auna mini? Ku ne 'yan boko, ku ba kwa zuwa nan sai tayarku ta yi faci a kusa."

Wannan amsa ta tsaya mana a rai. Hannun dattijon nan bai gaza na Yoshimura ba a ranar da Yoshimura ya fara. Abin da ya rasa uku ne: ma'auni, da filin gwaji, da suna a jikin aikinsa. Duka ukun kuwa a hannunmu suke, mu da muke jami'a da ofisoshin gwamnati.

Rashin ma'auni ne kuma ya sa samarinmu suke ɗaukar ƙara a matsayin ƙarfi. Yaro zai kai sabon babur a farke masa salansa a cire hanjinta, ya riƙa ratsa layi ranar ɗaurin aure yana firgita tsofaffi da jarirai, yana jin ya ƙara gudu. Alhali kuwa ya ɓata lissafin da muka yi bayani ɗazu. Sau da yawa ƙarfin tashi yakan ragu, haɗin iska da mai a kafireta ya rikice, inji ya riƙa zafi, bawul ya ƙone. Kunne ma yana biyan nasa harajin, domin masana lafiya sun nuna cewa daɗewa cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yana rage ji. Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ina Namu Filin Tseren?

Wani zai tashi ya ce, "Malam, mu da muke fama da tsadar abinci, ina mu ina tseren babur? Ko so kake a ƙara mana gawarwaki a titi?" Wannan magana tana da ƙarfi, kuma muna tare da mai ita. Ba mu zo nan don mu kira samari su yi tsere a kan titin Ƙofar Mata ba. Wancan ganganci ne, kuma asibitin Murtala da ke nan kusa ya ga isassun karyayyu. Nahiyar Afirka kanta, rabonta da ganin tseren MotoGP tun wanda aka yi a Welkom ta Afirka ta Kudu a 2004. Titaniyam ma ba shi ne bukatarmu ba.

Abin da muke cewa shi ne, amfanin tsere ga maƙeri shi ne gwaji mai tsanani, a fili, da sakamakon da ba a musunsa. Irin wannan gwaji kuwa muna da shi a ƙofar gida. Adaidaita sahun da take fita tun asuba ba ta komawa sai dare, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu da ruwan damina, tana ɗauke da kaya fiye da ƙima, tana shan wahalar da babur ɗin Suzuka ba ya sha. Kofin da direbanta yake nema ba na azurfa ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ya dame shi shi ne kilomita nawa lita ɗaya za ta kai shi, wata nawa kayan gyara za su yi kafin su lalace. Mazauna lungunan birni kuma abin da ya dame su shi ne hayaƙi da ƙara. Wannan ita ce gasarmu. Ba ma cewa salansa ita kaɗai za ta rage shan mai da yawa. Muna cewa ne ba wanda ya auna, kuma wanda ya fara aunawa shi zai fara koyo.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Ga ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, muna ba da shawara. Maimakon aikin shekarar ƙarshe da za a ɗaure da baƙin bango a ajiye ƙura ta rufe shi, ku nemi mai walda guda, da ƙungiyar direbobin adaidaita guda. Ku zana salansa iri uku da lissafi, shi ya ƙera. A ɗaura wa kekuna kamar 20, a bar wasu da ta kamfani domin kwatance. Duk mako a auna man da suka sha da nisan da suka yi, a auna ƙara, a duba tsatsa da tsagewa. Bayan wata shida a kafe sakamakon a tasha, kowa ya gani, har da wadda ta faɗi. Kayan aikin ba su wuce mazubi mai awo, da sikeli, da na'urar auna ƙara, da littafin rubutu ba. Shirin koyon aiki a masana'antu, wanda Asusun Horar da Ma'aikata ya ɓullo da shi tun shekarun 1970, don irin wannan aka yi shi, ba don a zauna a ofis ana sa hannu a rajista ba. In kun je, ku je da ladabi, ku durƙusa ku gaida Baba, domin abin da yake sani da kunne ku ba ku kai ga saninsa da alƙalami ba tukuna.

Ga ɗaliban shari'a da na kasuwanci, ku tuna da Kaaden. Haɗin gwiwar da ba a rubuta ba, mai ƙarfi ne yake cinye ta. A rubuta wanda ya mallaki zane, da yadda za a raba riba, a yi wa tambarin maƙeri rajista, a kuma buga shi a jikin kowace salansa. Kada ya zama ɗalibi ya sami digiri, malaminsa ya sami ƙarin girma, mai walda ya tashi da "Allah ya yi albarka" kaɗai.

Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, ku ne kuke rubuta takardun da manya suke sa wa hannu. Idan ma'aikatarku za ta sayi kayan gyaran babura ko na kekuna, ku rubuta sharaɗin inganci da lambobi: kaza a ƙara, kaza a kaurin ƙarfe, kaza a daɗewa. Sa'an nan ku bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya cika sharaɗin, ko daga Indiya yake ko daga bayan Kurmi. Kada ku saya don tausayi, domin tausayi ba ya gina masana'anta. Kada kuma ku ƙi don raini. Ku gwada, ku bayyana sakamako.

Kammalawa

Shugaban taro, mun fara da baƙin bututun da ba mai kallonsa, mun bi shi zuwa Jamus da Japan da Sulobeniya, mun dawo da shi Shahuci. A duk inda muka je abu ɗaya muka tarar: mai sana'a ya sami abokin da ya matsa masa da tambayar "nawa ne?" da "ina shaida?", ya kuma sami fagen da za a ga aikinsa da sunansa. Kaaden ya sami ma'auni ya rasa kariya. Yoshimura da Akrapovič sun sami duka biyu, ga shi ana kiran sunayensu a wannan zaure, nesa da inda aka haife su.

Dattijon da muka ba ku labarinsa yana nan a rumfarsa, gobe da safe zai kunna wutarsa kamar kullum. Ya riga ya yi mana tambaya, wa zai auna masa? Muna fata a cikin wannan zaure akwai wanda zai ɗauki littafi da ma'auni ya je ya ba shi amsa.